Allurar da ake yi wa mai ciki a wurin awo: amsa ga 'yar'uwar da maigida ya hana

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce cikinki wata biyar, an rubuta miki allura a wurin awo, amma maigida ya hana saboda wani saƙon murya da aka turo masa, wai tana tsayar da haihuwa ko ta sa a haifi yaro mai galahanga. Ni ungozoma ce, a ɗakin haihuwa na yi aiki a nan cikin birni har na yi ritaya, to ga abin da na sani.

Kada ki ga kamar maigidanki bai san abin da yake yi ba. Duk Bakanon da ya yi wayo a 1996 yana tuna annobar sanƙarau da abin da ya faru a Asibitin Zana, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan. Yara kusan 200 gwajin ya shafa, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da aka dakatar da ɗigon shan inna a 2003 mutane da yawa suka goyi baya. Ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004, da wanda aka sayo daga Indonesiya, kafin nan cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne, muna ganinsu a kan keken guragu.

Allurar da aka rubuta miki ta tetanus ce, ciwon nan mai sarƙe haƙora, haɗe da ta mashaƙo. Tsohuwar allura ce, an shafe shekaru da dama ana yi wa masu ciki ita a duk duniya. Babu ƙwayar cuta mai rai a ciki. Jikinki zai haɗa garkuwa, ta bi ta mabiyiya ta shiga jikin jaririn, ya fito da ita. Ƙwayar tetanus a ƙasa take da kashin dabbobi, ta cibiya take shiga, idan an yanke da tsohuwar reza ko an gasa da tsumma marar tsabta ko an barbaɗa toka. Abin da ba ya fita raina shi ne lokacin da take kamawa: yaro ya sha nono lafiya kwana uku, huɗu, ana shirin suna sai ya kasa kama mama, baki ya ƙulle, jiki ya sandare, ko ƙofa aka buga sai ya zabura. A gida a ce iska ce ko mayu, a yi ta hayaƙi, kafin a kawo mana shi aikin gama ya gama. A 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai kusan 787,000 ne suka mutu da wannan ciwo, zuwa 2018 sun ragu zuwa kusan 25,000. Wannan allura da haihuwa cikin tsabta ne suka kawo haka, da ikon Allah.

Maganar hana haihuwa kuwa, matan da na yi wa ita a cikin fari su ne suka riƙa dawo mini da na bakwai da na takwas. Ta galahanga daga Ingila ta taso a 1998, daga wani likita da ya duba yara 12 kacal, kuma a kan rigakafin ƙyanda na yara ne, bai shafi mai ciki ba. A 2010 aka janye binciken, aka ƙwace masa lasisi. Daga baya a Denmark aka bi yara fiye da 650,000, ba a ga wata alaƙa ba.

Ba kowace allura ake yi wa mai ciki ba. Ta ƙyanda tana da ƙwaya mai rai da aka raunana, sai an sauka lafiya. Likitoci sun ɗauki darasi tun wajen 1961, da maganin thalidomide da aka ba masu laulayi ya sa aka haifi dubban yara da nakasar hannu da ƙafa. Tun daga nan ake kaffa-kaffa da duk abin da zai shiga jikin mai juna biyu.

Laifin hukuma a nan, a ganina, shi ne rashin bayani. An bi gida-gida da ɗigo kyauta, amma uwa ta kai yaro asibiti da zazzaɓi a ce ta sayo komai, dole mutum ya yi tambaya. Mu ma ma'aikata, layi ya yi tsawo, sai mu ce "miƙo hannu" ba tare da mun faɗi sunan allurar ba. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023, mafi yawan yaran da ya kwantar ba su da cikakken rigakafi.

Kada ki yi a ɓoye. Ki lallaɓa shi ya raka ki ranar awo, ya tambayi sunan allurar da bakinsa, a nuna masa kwalbar da ranar lalacewarta. Idan ba a taɓa yi miki ita ba, biyu ake so ki samu a wannan cikin, tsakaninsu mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa, don haka a wata biyar kina da lokaci amma ba na jinkiri ba. Dantsen zai ɗan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Ki adana katinki, domin idan kika cika allura biyar kin samu kariya har ƙarshen shekarun haihuwarki. Allah ya raba lafiya.