Amsa ga sabon hedimastan da ke son karrama malamansa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a wannan muƙami, ya ba ka ikon sauke nauyin. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce an ba ka riƙon makarantar firamare wata huɗu da suka wuce, kana da malamai 14, ka ga gwiwar kowa ta yi sanyi, shi ne kake tunanin shirya biki a ƙarshen zango ka ba gwarzon malami kyauta. Na yi shekara 31 ina riƙe da alli, 12 daga ciki a kan irin kujerar da kake kai yanzu, don haka bari in ba ka abin da na gani da idona.

Lokacin da nake matashin malami an ba ni aji shida. Shekarar nan na ɗaura ɗamarar cewa yarana sai sun ci jarrabawar shiga sakandare. Wata uku ina tsayawa bayan an tashi, ni da su, muna lissafi har a kira la'asar. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya ba ni ko kwabo, allin ma wani lokaci daga aljihuna nake saya. Sakamako ya fito da kyau, har sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya zo da kansa. Aka tara mu a ofishin malamai. Hedimastanmu ya miƙe ya ce shi ya tsara darussan yamma, shi ya sa ido, shi ya hana kansa hutu. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da farantin lemon da aka ce in kawo wa baƙi. Har aka watse bai ambaci sunana ba. Na hau kekena na koma gida, abincin rana ma ban iya ci ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekarar da ta biyo baya, ana kaɗa ƙararrawa nake tattara littattafaina. Abin da yake damuna har yau shi ne, ba hedimastan ne ya yi asara ba, yaran wannan shekarar ne. Da mutumin nan ya ce "ga malamin da ya yi aikin", kalma shida kacal, da sun samu abin da yayyensu suka samu.

To game da bikin da kake shirin yi, ni ma na taɓa yinsa, a shekarata ta biyu ta shugabanci. Na sayi agogon bango da yadin shadda, na ba malamin da ya cancanta, kuma wallahi ya cancanta. Amma mutum ɗaya ya tafi gida da murna, sauran suka tafi da tambaya a zuci. Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce malamar aji ɗaya. Yara sun fi 90 a ajinta, galibinsu a ƙasa suke zaune. Ita ke share musu majina, ita ke kama hannun kowa ta koya masa riƙon fensir, ita ke lallashin mai kuka. Aikinta ba ya fitowa a sakamakon jarrabawa, sai bayan shekara biyar, a hannun wani malamin. Ba ta ce min komai ba, ta tafa kamar kowa. Amma na ga fuskarta, na kuma tuna kaina a bakin ƙofa da farantin lemo. Ban sake zaɓar gwarzo ɗaya ba.

Abin da na koma yi ba ya cin kuɗi, sai dai yana cin lokaci da sa ido. Na riƙa zagaya azuzuwa, ba don kama mai laifi ba. In na ga abu mai kyau sai in faɗe shi da sunansa a ranar. "Sannu da ƙoƙari" kowa ana ce masa, har wanda bai yi komai ba, shi ya sa ba ta da nauyi. Amma ka ce, "Malam, na tsaya ta taga na ga yadda ka sa yara suka koyi rabawa da ƙwallayen dabino, har yaron nan da ba ya magana ya ɗaga hannu", wannan mutum zai san an gan shi. Malamai ba yara ba ne, suna gane yabon da aka yi bayan an duba aiki da wanda aka yi don cika baki.

Sannan ka sa shi a rubuce. Mu shugabanni hannunmu na da saurin rubuta takardar tuhuma in malami ya makara, amma ka buɗe fayil ɗin wanda ya yi shekara 20 yana aiki, da wuya ka ga takardar yabo ko ɗaya. Ka rubuta layi biyar, ka sa hannu, ka buga hatimin makaranta, ka ba shi ɗaya, ka aika ɗaya ofishin ilimi a sa a fayil ɗinsa. Ka shigar da shi a kundin makaranta. In lokacin cike fom ɗin auna ƙwazo na shekara ya zo, kada ka ba kowa maki iri ɗaya don gudun ɓacin rai, wannan zalunci ne ga mai ƙwazo. Akwai malamin da ya yi ritaya, na je gaishe shi, ya shiga ɗaki ya fito da wata takarda da na rubuta masa shekaru da yawa da suka wuce, an yi mata rufin leda. Ni har na manta da ita.

In baƙi suka zo, sufeto ne ko jami'an hukumar ilimin bai-ɗaya ko iyayen yara, suka yabi wani abu, ka kira mai aikin ka tsayar da shi a gabansu. Ba za ka ragu da komai ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Sai dai ka kiyaye wuce gona da iri, domin a Bukhari da Muslim akwai hadisin wanda ya zuzuta wani a gaban Annabi aka ce masa tamkar ya yanke wuyan abokinsa ne. Ka yabi aikin da aka yi, ka bar kirari. Malamai mata kuma, yabonsu ya kasance a taron malamai ko a takarda, ba a keɓe a ofis ba, don ka kare mutuncinsu da naka.

Kada idonka ya tsaya kan malamai kaɗai. Mai gadinmu dattijo ne, shekara da shekaru ba wanda ya san sunansa na yanka, Baba kawai ake cewa. Wata damina iska ta yaye kwanon aji biyu da dare, shi kaɗai ya kwashe littattafai da rajista ya kai ɗakinsa cikin ruwa. Washegari a taron safe na kira cikakken sunansa a gaban yara, na faɗi abin da ya yi. Ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawaninsa.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan a wurinmu, wato zumunci. Malami ya yi rashi, ka je jana'iza da ƙafarka, ka zauna, ba saƙon waya ba. Malama ta haihu, a haɗa gudummawa a kai. Ɗan wani ba lafiya, ka ce ya tafi asibiti, kai ka shiga ajinsa ka koyar. Ranar da malamai suka ga hedimasta riƙe da alli a madadin ɗayansu, sun gama fahimtar matsayinsu a wurinka.

Amma fa, ƙanena, godiya ba ta maye gurbin haƙƙi. Wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya yi bincike a 1959 kan injiniyoyi da akantoci wajen 200, ya gano cewa abin da ke sa mutum son aikinsa daban, abin da ke sa shi ƙin aikin daban. Yabo da ganin nasara suna ƙara himma, amma matsalar albashi da yanayin aiki ita ke kawo ƙorafi, kuma ɗaya ba ya maganin ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ke cinye kaso mai yawa na albashin malami. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, amma kai ma ka san abin da kwanon shinkafa ya koma. Ba kai ke biyan albashi ba, gaskiya ne. Sai dai akwai abin da ke hannunka. Wanda ƙarin girmansa ya maƙale, ka ɗauki takardunsa ka bi masa ofis-ofis. Malaman sa-kai da ake ba ɗan alawus daga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kada ka bari ya kwana a aljihun teburinka. Hadisin Ibn Majah ya ce a ba ɗan ƙodago ladansa kafin guminsa ya bushe.

In har kana son yin taro, ga ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba. Ka gayyato mai unguwa da limami da shugaban iyayen yara, a dafa shinkafa, ka kira malaman nan 14 ɗaya bayan ɗaya, har mai gadi da mai shara, kowa ka faɗi abu guda takamaimai da ya yi a shekarar. Wannan zai tilasta maka ka san aikin kowa, shi ya sa nake ba ka shawarar ka sayi ɗan littafi tun ranar Litinin mai zuwa, ka ware wa kowane malami shafi, ka fara rubuta abin da ka gani da kwanan wata. Wanda shafinsa ya daɗe babu komai, ka ƙara leƙa ajinsa kafin ka yanke masa hukunci.

Allah ya taimake ka, ka gaishe min da malaman naka.