Kwana a jirgin ruwa a gaɓar Turkiyya, anya zan iya?

Tambaya: Salam Anti, ni da maigidana za mu je hutu Turkiyya shi kuma ya dage sai mun yi hayar jirgin ruwa mun kwana uku a teku, ni wallahi tsoron ruwa nake, ga batun sallah da abinci. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Jirgin katako ne, gulet suke ce masa, akwai ɗakunan kwana da banɗaki da kuku, kuma gefen gaɓa yake bi, dare na yi sai a tsaya a lungun da ruwa ke kwance. Ku tashi daga garin Fethiye da ke bakin teku, kafin ku hau ki ga kaburburan mutanen Likiya, mazauna yankin a zamanin da, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse, sannan tsibirin Kekova, inda akwai tsohon garin da girgizar ƙasa ta nutsar, za ki hango matakala da bangon gidaje ƙarƙashin ruwa, gaskiya wurin nan ya taɓa min zuciya, amma an hana iyo a kansa. Nama galibi halal ne sai dai wasu jiragen ana shan giya, don haka ku ɗauki jirgin ku kaɗai in aljihu ya yarda. Alƙibla ki tambayi kyaftin. Ku je Mayu ko Satumba, Agusta akwai zafi da tsada, ki riƙe maganin jiri.