Amsa: Me ya sa uwargida ta fi ni kukan ciwon jiki?

Malam, ka ce kai da uwargida duk kun haura 45, amma ita ce kullum cikin ciwon gaɓoɓi da kasala. Wallahi ba raki ba ne. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 al'ada ke ɗaukewa, sinadarin jikin mata da ake kira istirojin ya ragu, gwiwa ta fara ciwo, ga zufar dare mai hana barci. Yayata a Ƙofar Marusa, cikin Katsina, ko da hunturu sai ta farka zanenta sharkaf. Namu sinadarin na maza a hankali yake raguwa. Mu dai bayanmu ne, mu haɗiye farasitamol mu yi gum. In har yanzu al'adar uwargidanka na zuba da yawa, a duba ƙarancin jini, a auna suga.