Kada ka jiƙa pudul kafin ka taje shi

Ka tambaye ni me ya sa na ƙwace tiyo daga hannunka da za ka wanke pudul ɗin nan, wato irin karen nan mai nannaɗen gashi, alhali karnuka masu gajeren gashi da wanka muke fara musu a wannan sana'a tamu ta gyaran gashin karnuka. To ajiye wayar nan ka saurara, yaro, don ba zan maimaita ba.

Gashin pudul ba ya zuba ƙasa kamar na sauran karnuka. Tsiro yake ta yi ba tsayawa, wanda ya tsinke kuma sai ya maƙale cikin nannaɗen gashin su dunƙule. Ka zuba wa wannan dunƙule ruwa ya bushe, ya zama kamar igiyar da aka ɗaure tamau, ba matajin da zai shige shi. Shi ya sa ake tajewa tukuna, har mataji ya taɓa fata. Riƙon burushi da yankan farce kuwa ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai iya wannan ba, me ya kawo shi wurina?

Wata mata ta taɓa kawo mini babban pudul fari, irin dogayen nan. Daga sama gashi tas, gwanin sha'awa. Ta rantse kullum sai ta taje shi. Ina tura yatsu hammatarsa da bayan kunnuwa na ji abu danƙare. Ashe saman kawai take shafawa da burushi, ta yi ta zabga masa wanka. Na ce mata wannan sai aski ƙwal, tsefewa azabtar da dabba ce. Ta ce in yi duk abin da ya dace, ai ta yarda da ni. Baki da baki muka yi, daga ni sai ita.

Inji na fara ɗaga gashin wari ya buge ni. Fatar ta daɗe ba ta sha iska ba, ta jiƙe ta yi gyambo. Kunnuwa kuma dunƙulen ya jima yana matse su, da aka cire sai jini ya koma da ƙarfi, kare ya yi ta kaɗa kai har kunne ɗaya ya kumbura suntum. Duk mai wannan sana'a ya san haka na faruwa. Na wanke ciwon, na ce ta wuce da shi wurin likitan dabbobi. Matar nan ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, wai da inji na yayyanke mata kare. Kuɗin aski ba ta biya ba. Na likita ni na biya don a zauna lafiya. Bai ishe ta ba, ta ɗauki hoton gyambon ta bi ƙawayenta masu karnuka da shi. Mutanen da na yi shekaru ina yi wa aiki suka ɗauke ƙafa, ciki har da wani mai pudul uku da tun suna 'yan kwikwiyo nake aske su. Abin da ya fi ci mini rai, da gashin ya sake fitowa sai ta aiko da karen wai a gyara masa. Ko ƙofa ban buɗe ba.

Saboda haka kare na shigowa, a gaban mai shi za ka laluba shi. Ka sa hannunsa ya taɓa dunƙulen da kansa, ka ɗauki hoto, ya sa hannu a takarda. Ko ba komai wayar nan taka ta yi rana.

Ku yaran yanzu kun ɗauka pudul karen ado ne. Karen farauta ne na ruwa. Yawancin masana sun ce daga Jamus ya fito, ko da yake Faransawa sun riƙe shi a matsayin nasu. Agwagwar da maharbi ya harbo ta faɗa ruwa, shi ke ɗaukowa. Askin nan da kake yi wa dariya daga nan ya samo asali: a aske bayansa don kada jiƙaƙƙen gashi ya yi masa nauyi, a bar na ƙirji da gaɓoɓi saboda sanyi. Daga 1960 zuwa 1982 babu karen da aka fi yi wa rajista a Amurka kamarsa. Da wani masanin halayyar karnuka, Stanley Coren, ya jera karnuka bisa saurin koyo a 1994, pudul ne na biyu.

Wannan basirar ita za ta wahalar da kai. Yana karanta fuskarka. Ka daka masa tsawa sau ɗaya a kan tebur, gobe da ya ga almakashi zai fara rawar jiki. In aka bar shi a gida ba yawo ba wasa, sai haushi da tauna kaya, mai shi ya ce kare ya lalace.

Ƙananan pudul kada ka bari su diro daga tebur, ƙoƙon gwiwarsu na gocewa. Babba in ka ga cikinsa ya kumbura yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, tumbi ne ya murɗe, likita nan take. Cikin kunne ka busar da shi sosai. Masu shi kuma ka gaya musu duk mako 4 zuwa 6 su dawo da shi, ko da yake rabinsu ba za su ji ba.

Ɗauko mataji ka fara daga ƙafar baya. Zan zo in duba hammata.