Me Ya Sa Indiya Ke Son Ƙirga Jama'a Bisa Asalinsu?

Tambaya: Ina jin a rediyo ana gardama a Indiya kan saka asalin mutum cikin ƙidayar jama'a. Mene ne abin jayayyar? Daga wani malamin makaranta a Argungu, Jihar Kebbi.

Amsa: Malam, a Indiya ana haihuwar mutum cikin rukunin da ya gada, wanda a al'adance shi ke yanke masa sana'a da wadda zai aura. Idan ka tuna yadda wasu gidaje a nan ke jan ƙafa wajen ba ɗan mahauta ko wanzamai aure, ka ɗan hango abin, sai dai nasu ya fi tsanani nesa ba kusa ba, tunda har akwai waɗanda ake ƙyamar taɓawa, abin da tsarin mulkin 1950 ya haramta.

Gwamnati na ware wa rukunonin da aka danne gurabun aiki da na jami'a, amma rabon da a fitar da cikakken lissafin kowane rukuni tun 1931, zamanin Turawan Ingila. Da waɗannan tsofaffin alƙaluman ne Kwamitin Mandal, wanda gwamnatin Indiya ta kafa, ya ƙiyasta a 1980 cewa sauran rukunonin da aka bari a baya, ban da waɗanda ake ƙyamar taɓawa da ƙabilun da aka ware, sun kai kashi 52 cikin 100 na jama'a, daga baya aka ware musu kashi 27 na gurabun. Da Jihar Bihar ta yi nata ƙirgen a 2023, sai ta samu waɗannan rukunonin sun kai kusan kashi 63 na jama'arta, nan take aka fara neman ƙarin gurabu.

Masu adawa na tsoron ƙirgen zai ƙara raba kawuna, irin fargabar da ta sa ƙidayarmu ta 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba. A ganina, rabon gurabu da alƙaluman 1931 ya fi wuyar karewa.