Filin Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Mikiya Mai Farin Kai a Bakin Teku

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan tsuntsuwa ɗaya, mikiya mai farin kai ta Arewacin Amurka, wadda ke jikin hatimin ƙasar Amurka tun 1782. A 1963 ma'aurata 417 kaɗai aka sani suna sheƙa a jihohi 48 na ƙasar, ban da Alaska da Hawaii, saboda harbi da maganin ƙwari na DDT da ke sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi ya fashe. An hana maganin a 1972, ta farfaɗo, aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007. Yau duk mai kyamara da haƙuri yana iya samun ta a gaɓar teku daga Alaska har Fulorida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau biyu ina zuwa madatsar ruwa ta Conowingo. Jikin mikiyar yana fita da kyau, amma kanta fari fat, kamar an shafa alli, ko silin gashi ɗaya ba a gani. Kyamarar ce ko ni ne? *Mai karatu daga jihar Maryland*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kyamararka lafiya lau take, biyayya ce ta yi wa ƙa'idar da aka gina ta a kai. Tana auna hasken duk abin da ke gabanta, ta nemi tsaka-tsaki. A Conowingo abin da ke bayan tsuntsuwar duwatsu ne masu duhu da itatuwa da ruwan kogin Susquehanna, jikinta kuma ruwan ƙasa ne mai duhu. Sai kyamara ta ga duhu ya yi yawa, ta ƙara haske. Ɗan farin nan na kai da wutsiya shi ke ƙonewa. Abin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi, alhali duhun fiffike ana iya ɗago shi a kwamfuta. Saboda haka kan ake yi wa awo, jiki ya biyo baya.

Hanya mai sauƙi ita ce maɓallin da ke da alamar +/-. Idan bayan tsuntsuwar duhu ne, rage haske zuwa -0.7 ko -1, a rana mai ƙarfi har -1.3. Idan ta tashi sama ta shiga farin gajimare, lissafin ya juya, sai ka ƙara +1, in ba haka ba ta fito baƙa ƙirin. Ka ga inda wahalar take: mikiya ɗaya tana iya ratsa gajimare da itatuwa da ruwa cikin daƙiƙa uku, yatsanka ba zai cim mata ba.

Shi ya sa muka fi son a juya kyamara zuwa M, a kafa komai da hannu. Nemi wani farin abu da rana ke haskawa daidai yadda za ta haska mikiyar, misali farin tsuntsun teku da ke zaune a kan dutse. Sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/2000, ƙofar haske a f/7.1, sannan ka riƙa ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, kana gwadawa. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo. Da zarar farin ya fara walƙiya, koma baya da danni ɗaya ko biyu, ka tsaya nan. Muddin hasken rana bai canza ba, ko ina ta bi awonka daidai yake. Ka sake gwaji duk bayan minti goma sha biyar da safe, domin rana na hawa, da kuma duk lokacin da gajimare ya tare ta. Ɗauki hoton a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, shi ya fi riƙe gashin kai.

Da tsakar rana fa ba ka da abin yi. Hasken na saukowa daga bisa, kai ya ƙone, ƙashin giran nan da ya turo gaba ya jefa idon a inuwa. Awa biyu bayan fitowar rana da awa biyu kafin faɗuwarta su ne lokacinka. Ranar da siririn gajimare ya rufe sama ma kada ka zauna a gida, a irin wannan hasken ne ake ƙirga gashin wuya ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: An ce mini mikiya na cika gaɓar Hood Canal. Na yi tuƙin awa biyu, na tarar da ruwa cike, tsuntsu biyu kawai can ƙololuwar itace. *Wata mai karatu daga jihar Washinton*

Amsa: Hajiya, ba a yi miki ƙarya ba, agogon da kika bi ne ba nata ba. Mikiyar gaɓa da cikowar teku da janyewarsa take aiki. Sau biyu a yini ruwa ke cikowa, sau biyu ke janyewa, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. A yankin Seabeck, cikin Mayu da Yuni, wani ɗan kifi da ake kira midshipman yana zuwa ya yi ƙwai a ƙarƙashin duwatsu da ɓawon kawa. Idan ruwa ya janye sai kifin ya maƙale a 'yan kududdufai. Nan ne mikiya ke sauka gungu-gungu, zalɓe ya kama, ita ta kawo masa farmaki ta ƙwace. Idan ruwa ya cika, kowa ya koma itace ya yi zamansa.

Duba jadawalin ruwa na NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, a intanet kafin ki fita, ki nemi ranar da adadin janyewar ya sauka ƙasa da sifili. Mai bin lissafin wata ba ya shan wahala a nan: ruwa ya fi janyewa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Ki isa awa biyu kafin ruwan ya kai ƙarshen janyewa. Yawancin filayen kawa na wurin suna da masu su, a tsaya a bakin hanya.

Sai wurin tsayuwa. Mikiya tana tashi tana sauka ne fuskarta na kallon iska. Idan iska da rana duka suna bayanki, tsuntsuwar za ta taho tana fuskantarki da haske a idonta. Idan iska na dukan fuskarki, wutsiya za ki yi ta ɗauka har ki gaji. Wadda ke zaune a reshe kuwa takan ba da sanarwa: ta miƙe, ta girgiza gashi, ta sunkuya gaba, sau da yawa ta ɗaga wutsiya ta yi kashi. Kina ganin haka sa yatsa a maɓalli, ki bar fili a gefen da iska ke fitowa.

Kowane wuri da kifinsa da watansa. Conowingo a Nuwamba ne, lokacin da injinan wuta ke sako ruwa da kifin da ya jigata. A kogin Chilkat kusa da Haines a Alaska, inda aka keɓe musu gandu a 1982, ruwan ƙarƙashin ƙasa na hana wani sashe daskarewa, kifin salmon na ƙarshen shekara ya taru, mikiya ta kai dubu uku a shekara mai kyau. A Brackendale ta Kanada an ƙirga 3,769 a rana ɗaya a 1994.

Tambaya: Ni a Kano nake, ina sa ran tafiya karatu. Wane lens zan tara wa kuɗi, kuma zan iya fara koyo a nan? *Ɗalibi daga Kano*

Amsa: Bari mu yi lissafi, ɗan'uwa. Faɗin fikafikanta mita 1.8 zuwa 2.3 ne. Da lens mai milimita 600 a kyamara mai babban sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikinta, idan tana nisan mita 30 ta cika hoton daga gefe zuwa gefe. A mita 100 sulusin faɗin kawai za ta ci. Da milimita 300, raba biyu. To ka ga ƙasa da 400 wahala ce. Masu zuƙowa irin 150-600 na Sigma ko Tamron, 200-500 na Nikon ko 200-600 na Sony sun wadatar, nauyinsu wajen kilo biyu. Kyamara mai ƙaramin sensa tana ƙara maka kusanci da ninki ɗaya da rabi, kuma ta fi arha. Idan kuɗi sun gaza, sayi kyamara ta hannu, ka zuba ƙarfinka a lens.

Koyo kuwa, malamai na nan a bayan gidanku. Hankaka baƙi ne mai farin ƙirji, matsalar awon haskensa ita ce ta mikiya sak. Ranar da ka fitar da gashin ƙirjinsa da na bayansa a hoto ɗaya, ka gama darasin farko. Shirwa kuma, yadda take karkata ta kawo sura a kusa da mahauta, ta fi mikiya wuyar bi. Sannan akwai 'yar'uwarta ta jini, mikiyar kifi ta Afirka, mai farin kai da ƙirji, ana samun ta a manyan ruwaye irin tafkin Kainji.

Tambaya: Idan tana zaune hoton tsaf, da ta tashi sai dishi-dishi. *Mai karatu daga Vancouver*

Amsa: Buɗe hoton a kwamfuta ka ƙara girmansa, dishi-dishin zai faɗa maka sunansa. Idan komai ya ja kamar an goge da hannu, saurin ƙiftawa ne ya yi kaɗan. Tsuntsu mai gudun kilomita 60 a awa yana cin santimita uku da ɗoriya cikin 1/500 na daƙiƙa, a 1/2000 kuwa bai kai santimita ɗaya ba. Kada ka sauka ƙasa da 1/1600, lokacin surar kifi kuma 1/3200. Kada tsoron ISO 3200 ya hana ka, tsakin da yake kawowa ana wanke shi a manhaja.

Idan itatuwan baya sun fito tsaf tsuntsuwar ce ta ɓace, saitin ne ya zame. Sa shi a AF-C, ko AI Servo a Canon, wato saitin da ke bin abu mai motsi, ka zaɓi ɗan rukunin ɗigo a tsakiya ko neman idon tsuntsu in kyamararka na da shi. Kama ta tun tana nesa, ka bi ta da ƙugu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, sai ta matso ka saki ɗauka a jere, 'yan gajeru. Idan bakin fiffike ne tsaf ido ya yi laushi, zurfin saitin ne: a milimita 600 da f/6.3, abin da ke fita tsaf a nisan mita 30 bai wuce mita ɗaya ba, a mita 15 kuwa kamu ɗaya ne. Matse zuwa f/8.

Akwai na huɗu da ba laifin kowa ba. Idan rana ta dumama taɓo, ko ka leƙo da lens ta tagar mota mai hita a ranar sanyi, iskar na rawa, hoton ya narke. Kashe hita, ka buɗe tagogi, ka jira minti goma. In kuma ido ya fito kamar da yana, tantanin da take goge ido da shi ne, duba hoton da ke biye.

Tambaya: Na ɗauki wata babba ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare a cikinsu. Wani iri ne daban? *Mai karatu daga Seattle*

Amsa: Ƙaramarsu ce. Kai da wutsiya ba sa yin fari sai ta shekara huɗu zuwa biyar, baki ma da duhu yake farawa kafin ya koma rawaya. Dubi ƙafa: ƙaurinta tsirara ne rawaya, mikiyar zinariya kuwa, wadda iri ce daban mai kama da ita, gashi ya rufe nata har yatsu.

Tambaya: Na gano sheƙa kusa da gaɓa. Zan iya matsawa, ko in jefa kifi don ta sauko? Na kuma tsinci gashinta. *Mai karatu daga jihar Virginia*

Amsa: Malam, mayar da gashin inda ka gan shi. Dokar kare mikiya ta 1940 ta hana mallakar gashi ko ƙwai ko wani sashe nata ba tare da izini ba, ko da tsintuwa ce, ta kuma hana takura mata. Laifin farko na iya kai wa tarar dala 100,000 da ɗaurin shekara guda. Gashin da hukuma ta tara, 'yan asalin ƙasar ake raba wa don ibadarsu.

Hukumar kifi da namun daji ta Amurka ta ce a bar aƙalla mita 100 tsakanin mutum da sheƙa, mita 200 in aikin mai hayaniya ne a fili. Jirgi maras matuƙi kada ma ya fito daga jaka. Dalilin ya fi tarar damun mu: ƙwai biyu galibi take yi, tana kwanci kusan kwana 35, sau da yawa a ƙarshen hunturu. Idan ka tashe ta, ƙwan ya yi sanyi ko hankaka ya fasa shi, shekara ta tafi. Da ka ga ta daina abin da take yi ta zuba maka ido, ko ta tashi tana kewaya kanka tana kuka, ka yi kusa, ja da baya nan take. Jefa kifi kuma yana saba mata da mutane da titi, har garin Homer na Alaska ya kafa dokar hana ciyar da ita. Mu ba ma goyon bayansa ko a inda doka ta yi shiru.

Tambaya: Bayan na dawo daga bakin teku cikin sanyi, lens ɗina ya yi gumi daga ciki. *Wata mai karatu daga Anchorage*

Amsa: Sanyin gilashi ne ya haɗu da ɗumin ɗaki, kamar kofin ruwan sanyi a watan zafi. Tun kina waje ki cire memori da batir, ki sa kyamarar a leda ki ɗaure bakinta, ki bar ta awa biyu a ɗaki kafin ki buɗe. Raɓar sai ta tsaya a jikin ledar. Wanda ya riga ya yi gumi, cire murfinsa ki rufe shi a roba tare da 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi kwana ɗaya ko biyu, kada ki kanga shi a hita, kuma kada ki yi ta zuƙo shi yana jiƙe.

Gishiri ya fi raɓa ɓarna. Fara hure yashi da famfon iska na hannu, domin goge gilashi da yashi a kai karce ne. Sannan ki shafe jikin kyamarar da tsumma mai ɗan damshin ruwan famfo, ki bi da busasshe. Sandar kyamara mai ƙafa uku da ta taɓa ruwan teku, warware ƙafafun gaba ɗaya ki ɗauraye mahaɗan a ranar. Batir biyu na ƙari su zauna a aljihun ciki kusa da jiki, wanda sanyi ya kashe yakan farfaɗo idan ya ji ɗumi. Kuma tunda a Anchorage kike, kada ki taka lakar Turnagain Arm, mashigar tekun da ke kusa da garin, don neman kusanci, tana riƙe ƙafa kamar siminti, ruwan kuma da gudu yake dawowa.