Wurin gyara na unguwa: sai an sayi inji tukuna?

Malam, ka tambaya ko sai kun tara kuɗin injin walda da janareta kafin ku buɗe wurin ƙira da gyara a unguwarku. A'a, kada ku jira. Ku roƙi mai unguwa aron zaure ko rumfa, kowa ya kawo abin da yake da shi: keken ɗinki, zarto, guduma, filaya. Ku ware Asabar, a riƙa gyaran kujeru, kekuna da tufafi tare, yara na koyo.

Amma tun ranar farko ku ajiye littafi, mukulli kuma a hannun mutum guda. A wurinmu aron kaya ba rubutu ne ya kusa haɗa maƙwabta faɗa. Duk wanda ya ɗauki kaya ya sa hannu, ko da dattijo ne. Injin kuwa, ku yi masa adashi daga baya.